Yankan Malam Abdulƙahhar

Abdulƙahhar na unguwar Kwaciri ya ciyar da Musulmi mushe a cikin watan azumi. Yana sane ya yi, da wuƙarsa, da hannunsa na dama, yana ambaton sunan Allah a kai. Da magana ta tashi kuma, ya ɗauki laifin ɗungurungum ya ɗora wa matar da ta shekara goma sha bakwai tana ba shi amanar shagonta. Kada wani ya nema masa uzurin yunwa. Ranar da ya yi wannan aiki akwai buhun shinkafa a ɗakin matarsa, ko rabi ba a ci ba.

Asalin gidansu mutanen Barno ne. Kakansa ya biyo jirgin Nguru ya sauka Kano, ya zauna a Fagge har yaren ya ɓace a bakin jikoki. Shi Abdulƙahhar bai san wata sana'a ba sai yankan kaji. A hannun Baba Sammani ya koya, shugaban masu yankan kaji na kasuwar Sabon Gari, ya kuma iya, babu mai musun wannan.

A wani layi bayan kasuwa akwai shagon kaji na Celestine, Ibo ne Kirista, da matarsa Chioma, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta Bakanuwa. Celestine ya san Musulmi ba za su ci yankansa ba, bai kuma tsaya gardama ba. Ya gina dakali a ƙofar shago, a fili, ya tambayi alƙibla aka nuna masa, ya ɗauki Abdulƙahhar aiki. A kan dakalin nan ake yanka kowace kaza, a idon mai wucewa. Ba a cire kai, sai a bar shi yana reto, don mai saye ya ɗaga ya ga wuyan da idonsa. Ledar shagon tana da zanen zakara da sunan Celestine, a ƙasa an rubuta Halal da boko da ajami. Amma mutanen Fagge ba rubutun suke saye ba. Idan mace ta aika a sayo mata kaza, cewa take, "A tabbata yankan Abdulƙahhar ne." Wannan sunan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Ban da shi ba shi da komai sai wuƙa biyu da dutsen wasa su.

Sai korona ta zo, aka kulle gari ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi. Aka rufe masallatai, aka rufe kasuwa, daga baya aka ce a riƙa buɗewa Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i. Masu kayan abinci aka ba su takardar wucewa. Ciniki ya koma na waya: a kira, a faɗi adadi, a kai wa mutum ƙofar gida a cikin leda. Dakalin yana nan, alƙibla tana inda take, amma idon mai wucewa ya ɗauke. Abin da ya rage tsakanin wuƙa da tukunyar Musulmi shi ne tsoron Allah na mai riƙe da wuƙar. Celestine kuwa ya tafi garinsu binne mahaifiyarsa, aka rufe hanyoyi yana can. Chioma ce kaɗai a shago.

Wata Laraba da hantsi motar kaji ta iso daga wani gidan gona na kudu. Tun jiya ake jiranta. An tsare ta a wani shinge a hanya, ta wuni a rana, ranar nan ta bazara mai dafa ƙwai a kan kwalta. Da aka fara sauke keji, shirun ne ya fara ba su labari. Motar kaji ɗari shida ba ta shiru.

Chioma ta tsaya da takunkumi a haɓa, tana kallo ana zaro su ana jefawa gefe. Tsibin ya kai gwiwa, ya wuce.

"Malam," ta ce, "wadda take numfashi tana neman tafiya, ka yanka yanzu. Masu ƙarfi a ba su ruwa, gobe ma rana ce. Waɗannan kuma ka kwashe min su daga nan, ka kai bayan layin dogo ka binne. Kada ka bari ko kare ya ja."

"Madam, sun fi ɗari biyu fa."

"Ina da ido, Malam."

"Oga zai ji jiki."

"Oga ya binne uwarsa, zai iya jin an binne kaji. Ka ɗauki mota, ga makulli."

Ya yanka masu rauni, mata masu figa suka kwashe su can ciki suka zauna a kansu. Sannan ya loda matattun a bayan a-kori-kurar shago, ya rufe da tamfol, ya kama hanya. Titi fayau, babu kowa. Yana kaiwa Bata, wurin da a da sai ka yi rabin sa'a ba ka tsallake ba, wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Abdulnasir ne, mai atamfa a Kantin Kwari, ɗan unguwarsu.

"Malam Abdul, kana ina? Kaji sittin nake so kafin la'asar. Zan raba wa maƙwabta, mutane suna cikin wani hali. Akwai gidan da tun da aka ɗauki azumi ba su ga nama ba."

"Allah ya karɓa, Alhaji."

"Amma yankanka nake so. Yanzu kowa kawo maka abu yake a leda, ba ka san inda ya fito ba."

"An gama, Alhaji."

Ya ajiye wayar, ya taka birki a tsakiyar titi. Hanyar shago tana bayansa, akwai kaji masu rai kusan ɗari uku suna shan ruwa. Idan ya koma, ciniki na Madam ne, shi ladan yankansa kawai zai karɓa. Idan ya miƙe, duka nasa ne. Ya leƙa madubi ya ga tamfol. Ya dubi ƙarƙashin kujera ya ga ɗaurin ledar shago da yake yawo da shi don kai wa mutane kaya. Bai daɗe yana shawara ba. Wanda ya ce Shaiɗan ne ya ja shi ya tuna cewa watan azumi ne. Shi kaɗai ne a motar.

Bayan gidansa akwai wani kango da mai shi ya fara gini ya bari. Nan ya shigar da mota. Ya yaye tamfol, ya riƙa taɓawa yana zaɓe, wadda ta sandare ya ture, wadda jikinta yake da sauran laushi ya ajiye. Ya cika sittin. Ya tsuguna, ya zaro wuƙa, ya wasa. Sai ya ga ashe ya fuskanci gabas, ƙafarsa ta hagu a kan fikafikai, ta dama a kan ƙafafu, kamar yadda ya saba. Ya ja kai, ya lalubi ƙullin maƙogwaro da babban yatsa, ya ɗora wuƙa dab da ƙasansa, ya ja sau ɗaya.

"Bismillahi, Allahu Akbar."

Bakinsa ne ya faɗa. Ya ɗan tsaya. Kazar ba ta shura ba, jini bai yi tsartuwa ba, wani baƙin abu ne ya ɗiga sau biyu ya tsaya. Ya ɗauko ta biyu. A kanta ma ya faɗa. Har ya kai sittin bai fasa ba, yana ji a ransa wai hakan ya ɗan rage wani abu. Bai rage komai ba, ƙari ya yi.

Ya shigar da su gida a buhu, ya sa matarsa Mahbuba ta ɗora ruwan zafi a babbar tukunya. Suka zauna figa su biyu. Ta fige uku. A ta huɗu ta juya kazar a hannunta.

"Malam, waɗannan ba su tsiyaye jini ba."

"Zafi ne ya kama su a hanya."

"A shago aka yanka?"

"A ina za a yanka?"

"To me ya sa ba a fige a can ba?"

"Mahbuba, azumi nake. Ki fige ko ki tashi."

Ta fige. Ya kwashe gashin ya zuba a wani rami cikin kangon, ya kifa tsohon kwano a kai. Ya ɗaure kowace kaza a ledarta mai zanen zakara. Sauran matattun ya kai bayan layin dogo ya binne yadda aka ce masa, ya ma kira Chioma ya gaya mata an gama. Ta ce, "Sannu, Malam, Allah ya biya ka."

Kafin la'asar yana ƙofar gidan Alhaji Abdulnasir. Mutane sun yi layi nesa-nesa da juna, tsofaffi da zawarawa da magidantan da kulle ya karya, kowa ya karɓi ledarsa ya yi wa Alhaji addu'a, ya haɗa da mai yanka. Da aka gama, Alhaji ya ware shida na cikin gida, ya miƙo wa Abdulƙahhar biyu.

"Kai wa iyali."

Ya karɓa da hannu biyu. A hanya ya tsaya a gidan wata bazawara mai marayu huɗu ya aika mata da su, ya ce sadaka ce. Ya ji muryarta daga soro tana sa masa albarka. Shi da kunu da ƙosai ya sha ruwa.

Washegari Alhamis da safe Alhaji ya kira shi, ya ce ya zo yanzu, bai ƙara ko kalma ba. Ya same shi a zaure a tsaye. A kan tabarma wata tsohuwa ce zaune, Hajiya Bintu, mahaifiyar Alhaji, da faranti a gabanta, kaji uku a kai. Jiya gidan sun riga sun yi miya kafin kajin su iso, aka sa nasu a ƙanƙara. Yau ta fito da su da kanta.

"Zauna, ɗan nan," ta ce. "Ka san ni?"

"Wa bai san Hajiya ba."

"Shekara talatin ina sayar da abinci a tashar jirgin ƙasa. Kazar da ta bi ta hannuna ta fi gashin kanka yawa. Matso." Ta ɗaga kan ɗaya. "Kazar da aka yanka da ranta, wuyan buɗe baki yake, fata ta ja baya, jini ya rine wurin. Dubi wannan. Kamar an yanka sabulu." Ta juya ta. "Nan fari, nan ja kamar hanta. A kan wannan gefen ta kwanta ta mutu, jinin ya taru. Wannan kazar ta riga wuƙa tafiya."

Alhaji ya ce, "Gida hamsin da wani abu, Malam Abdul. Da hannuna na miƙa musu. Da ita suka buɗe baki."

Abdulƙahhar ya gyara zama. A nan akwai ƙofa a buɗe: ya faɗi ƙasa ya ce ni ne, ya sha abin da zai sha. Ya dubi farantin, ya ga ledar a ninke a gefe, zakara yana kallonsa. Ya dafe kai.

"Innalillahi. Abin da nake tsoro ke nan."

"Me kake tsoro?"

"Alhaji, jiya mota ta zo da matattu sun fi ɗari biyu. Na ce wa Madam a binne, ta ce in bar mata, za ta san yadda za ta yi. Da ka kira, na ce mata sittin ake so. Ta shiga ciki ta fito min da su a ɗaure. Ni na ɗauka nawa ne na safe."

"Ba ka duba ba?"

"Shekara goma sha bakwai, Alhaji. Idan mutum ya saba da mutane..." Ya bar maganar a nan, ya share ido.

Hajiya Bintu ta dube shi ta daɗe. Alhaji kuwa ya riga ya fita waje yana magana da ƙarfi.

Labari ya zaga unguwa kafin a buɗe kasuwa. Wasu suka sa yatsa a maƙogwaro suna neman amayar da abin da ya riga ya zama jini a jikinsu. Mata suka fito da tukwane suna wankewa da toka. Maza suka taru, kwana ashirin suna kulle a gida da zafi da talauci da labarin mace-mace, ga shi yau an nuna musu wanda za su huce a kansa. Suka ɗauki hanyar Sabon Gari, farantin Hajiya a kan wani, Abdulƙahhar a gaba, don shi ne shaida.

Chioma tana ƙofar shago tana jiransa ya zo ya yanka na yau. Da ta hango shi ta ɗaga hannu.

"Malam, ka makara, mutane suna..." Sai ta ga waɗanda suke bayansa.

Ba a tambaye ta komai ba. Aka ture ta aka shiga, aka buɗe firiza uku aka kwaso duk abin da yake ciki, har da kajin da ya yanka jiya da ransu, har da kifi. Aka tara a kan dakalin yanka, aka zuba kananzir. Wani ya fasa keji, masu ran suka watse cikin layi, kowa ya kama ya sa a hammata, su waɗannan ba a ce haram ba ne. Wani ya ɗaga ledar yana nuna wa jama'a.

"Kun gani, Halal, har da ajami. Da ma an daɗe ana gaya muku."

"Me na yi?" in ji Chioma. "Ku gaya min me na yi."

"Mushe kika sayar mana, a cikin azumi."

"Mushe? An binne su jiya. Malam ne ya kai." Ta kutsa ta kama hannun rigarsa. "Malam, gaya musu. Kai ka kira ni ka ce an gama. Gaya musu mana."

Duk ido ya dawo kansa. Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali.

"Madam, ki ji tsoron Allah," ya ce.

Ta saki baki tana kallonsa. A nan wani ya kwaɗa mata mari ta baya, wani ya ƙara, ta faɗi a kan gwiwa, ɗankwalinta ya faɗa kwata. Da ba don wasu dattawan kasuwa sun shiga tsakani sun tura ta shagon maƙwabta ba, da abin ya wuce mari. Aka kunna wuta. Warin nama da roba ya rufe layin. Masu duba-gari suka zo daga baya suka garƙame shagon. A cikin dattawan akwai Baba Sammani. Abdulƙahhar ya gan shi ya tsuguna a gaban farantin Hajiya, amma hayaƙi ya shiga tsakani, bai ga abin da yake yi ba.

Kwana uku Abdulƙahhar yana karɓar jaje. Ana zuwa ƙofar gidansa ana cewa Allah ya fitar da shi, an so a ɓata masa suna. Alhaji Abdulnasir ya aiko cewa bayan salla zai saya masa firiza ya buɗe nasa, a daina kai wa waɗansu. Ya fara lissafin inda zai kama shago. A cikin gida ne kawai babu mai yi masa jaje.

"An ce an fasa wa Madam ido," in ji Mahbuba.

"Kumburi ne."

"Ita ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi Khairiyya."

"Ki yi abin da yake gabanki."

Ranar Litinin Baba Sammani ya aika a kira shi rumfar 'yan kaji. Ya tafi da sabuwar hula, yana zaton maganar shago ce. Ya tarar da masu yanka kusan ashirin a zaune, ga Alhaji Abdulnasir, ga wani jami'in duba-gari, ga Chioma a kan benci a gefe, ido ɗaya a rufe. Baba Sammani ya haura tamanin, takunkuminsa a wuya don ya ce yana hana shi jin magana.

"Abdu, zauna. Wannan baiwar Allah ta ce kai ta ba matattun ka binne. Kai ka ce ita ta riƙe. Babu wanda yake wurin sai ku. To ni ba alƙali ba ne, kaza na sani." Ya juya. "Chioma, wa yake miki yanka ban da shi?"

"Babu, Baba."

"Ke kin iya?"

"Irin namu na iya. A sare kai a huta."

Wasu suka yi dariya. Baba ya kwance wani ƙullin tsumma, ya zube abin da yake ciki a kan tebur. Wuyan kaji uku ne da kawunansu, an cika su da gishiri. Tun ranar Alhamis ya yanke su daga farantin Hajiya.

"Wanda ya yi wannan ya san fiƙihu," ya ce. "Ƙulli yana wajen kai, maƙogwaro ya yanke, jijiya biyu sun yanke, ƙashi bai taɓu ba. Ja ɗaya, bai ɗaga hannu ba. Duka ukun wuri ɗaya, kamar an auna. Mushe dai mushe ne, amma an yi masa aiki mai kyau."

"Baba, ai tana iya ɗauko wani ta biya shi," in ji Abdulƙahhar.

"Tana iya. Shi ya sa na tara masu yanka. Kowa zai yanka ɗaya in gani. Kai ne babba, fara."

Aka miƙo masa kaza fara mai rai, da wuƙa. Ya tsuguna ya taka fikafikai. Zuciyar kazar tana bugawa a tafin ƙafarsa. Ya san hannunsa: dab da ƙasan ƙulli, a ɗan karkace zuwa hagu. Ya san kuma abin da yake kan tebur. Idan ya yi yadda ya saba, za a jera su a ga uwa ɗaya ta haife su. Sai ya ce a ransa bari ya sauya wuri. Yatsansa ya lalubi ƙullin, ya matsar da wuƙar sama, ya ja.

Kazar ta shura, jini ya yi tsartuwa har kan takalmin jami'in. Da ta lafa, Baba Sammani ya ɗauka, ya buɗe wuyan da yatsa, ya nuna wa na kusa da shi, na kusa ya nuna wa na gaba. Ƙullin ya tafi wajen gangar jiki. A ƙa'idar da aka koya musu duka, wannan kazar ba ta ciwuwa.

"A jefar," in ji Baba. Ya goge yatsa. "Abdu, kana ɗan shekara goma sha biyu na sa maka wuƙa a hannu. Tun daga ranar ban taɓa ganin ka bar ƙulli a jiki ba, ko kana zazzaɓi. Na ga waɗannan wuyan tun ranar Alhamis na gane hannun, na ce a'a, tsufa ne, bari in ga ya yanka a gabana. Da ka yi irin naka, da sai in ce wataƙila wani ya kwaikwaye ka. Me ya sa ka gudu daga hannunka?"

"Baba, azumi ne, hannuna ne ya..."

"Kowa a nan azumi yake, ban da ita."

Alhaji Abdulnasir ya miƙe a hankali.

"Kaji sittin suna da gashi," ya ce. "Idan a shago aka fige, to. Idan ba a can ba, gashin yana wani wuri. Mu je Kwaciri."

Ba su sha wahalar nema ba, ƙuda ne ya nuna musu kangon. Aka ɗaga kwanon. Mahbuba tana tsaye a bakin ƙofar gida da mayafi, jami'in ya tambaye ta ko ta san wannan gashin. Ta dubi mijinta sau ɗaya.

"Ni na fige," ta ce.

Mutanen da suka raka shi Sabon Gari ranar Alhamis su ne suka taru a kansa ranar Litinin, da fushi iri ɗaya, ba kuwa wanda ya ji kunya a cikinsu. Sai da jami'in ya jefa shi mota ya rufe. Chioma ba ta bi su Kwaciri ba. Babu wanda ya je ya ba ta haƙuri, babu wanda ya mayar da kaza ɗaya daga cikin waɗanda aka sa a hammata. An cire kwaɗon shagon, amma masu saye ba su dawo ba, don mutum ba ya son ganin fuskar wanda ya zalunta. Da aka buɗe hanyoyi Celestine ya dawo, ya sayar da firizojin, ya koma sayar da taya.

Kotu ta yanke wa Abdulƙahhar bulala ashirin da wata tara a gidan yari. Masu yankan kaji suka karɓe wuƙaƙensa biyu, Baba Sammani ya sa aka karya su a bakin rumfa, aka hana shi yanka a kowace kasuwa ta Fagge da Sabon Gari har abada. Ya fito, yana dako a Bata. Idan an sayi kaza a gidansa, maƙwabta ake kai wa su yanka.